Barista Ba-ƙura Ya Gyara Shaida

Duk wanda ya ce babu lauya a Jega bai ga Barista Waliyyu yana fitowa daga mota ba. Sai ya kaɗe kwat, ya goge takalmi da hankici, sannan ya amsa sallama. Shi ya sa 'yan kasuwa suke ce masa Ba-ƙura. Shari'un da ya ci ba su da yawa, amma ko maƙiyinsa ya shaida bai taɓa faɗuwa da wuyan riga a lanƙwashe ba.

Da wannan babban mutum Allah ya haɗa Arzika, manomin albasa daga Jandutsi. Arzika ya sayi sabon injin ban-ruwa, ashe tankin man da tsaga ya zo tun daga kamfani. Ranar da ya fara tayar da shi wuta ta kama, ta ci hannunsa na dama, yatsun suka ƙandare. Diyya yake nema a yi masa aiki a asibiti, ko ya sake riƙe fartanya. Shaidarsa ɗaya ce, injin nan baƙi ƙirin, tsagar a fili.

Barista ya dubi injin daga nesa, ya toshe hanci.

"Malam Arzika, mutum irina ba ya shiga gaban alƙali da bola. Bar shi nan, zan shirya shi."

"Ranka shi daɗe, kai ka san doka," in ji Arzika. "Mu albasa munka sani."

Barista kuwa ya shirya shi. Aka kai wa mai walda ya liƙe tsagar, ya kankare baƙin, aka fesa jan fenti don ya dace da nakatayin da Barista ke ɗaurawa a wuya. Gyaran gangar Auzinawa bai taɓa yin kyau haka ba.

Ranar shari'a Barista ya daɗe yana jawabi a kan zaluncin kamfanoni, har magatakarda ya fara gyangyaɗi. Lauyan kamfanin ya miƙe, ya nemi a nuna masa tsagar. Aka duba sama, aka duba ƙasa. Alƙali ya sa a tayar da injin a harabar kotu. Aka ja igiyarsa sau ɗaya ya tashi, lafiya lau. Aka kori ƙarar.

Barista bai karaya ba. Ya tara jama'a a bakin kotu.

"Kun dai gani da idonku. Tun da aka gina kotun nan ba a taɓa kawo shaida mai kyan wannan ba. Kuma ga shi na mayar wa bawan Allah injinsa yana aiki."

Arzika ya yi godiya, don haka aka tarbiyyantar da shi. Ya tsuguna ya dubi igiyar injin, ya dubi hannunsa, tausayin kansa ya kama shi.

"Ranka shi daɗe, mai waldan ga, shina gyaran hannu?"

Barista ya ce wannan wata shari'ar ce daban, ya same shi a ofis.