Alayyahu a Kumatun Malam

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo duba koyarwata ba. Ina ajin ƙarshe a jami'a aka tura ni gwajin koyarwa wata sakandare a unguwar Ɗan Iya. Malamarmu, wata Hajiya marar yawan magana, ta taso daga harabar jami'armu da ke Gubi ta zauna a bayan aji. Makin da za ta ba ni shi zai sa in gama, ko in maimaita shekara.

Darasin ƙwayar halitta ne, kuma wallahi na iya shi. Na ce wa ɗaliban jikin mutum tarin ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani. Kowane yana da cibiya mai ba da umarni, da ruwa mai kauri, da 'yan murhu masu mai da abinci ƙarfi, sai tantani a kewaye mai tace abin da zai shiga da abin da zai fita. Na buga tebur na ce, "Bango kuwa, sai ƙwayar tsiro. Ta mutum ba ta da shi."

Da na tsaya nan da na tsira. Amma son burgewa (ciwon da har yau ban warke ba) ya sa na jawo maikiroskof, na'urar duba ƙananan abubuwa. Na kankaro cikin kumatuna da tsinken sakace, na shafa a gilashi, na saita sama-sama, na ce su zo su ga malaminsu.

Wata ɗaliba, Rifkatu, ta leƙa ta daɗe. "Malam, taka tana da bango. Kuma koriya ce."

Ban duba ba. Na ce idonta ne bai saba ba, har na ƙara da cewa ilimi ba a yi masa gaggawa. Hajiya ta taso a hankali ta sa ido.

"Malam, me ka karya da shi?"

"Masa, ranki ya daɗe."

"Da miyar alayyahu?"

Ajin ya ɗauka da dariya. Ashe ganyen da ya maƙale mini a haƙori na kankaro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ce in kurkure baki in sake. Na kurkure na sake, sai ga ƙwayoyin: 'yan fale-fale, ba bango, kowace da ɗigonta a tsakiya. Na yi shekaru ina zana su a takarda, ranar na fara ganin nawa. Na daɗe ina kallo.

Hajiya ta ba ni makin tsira da ƙyar. Ta ce ganyen bai dame ta ba, ƙaryata yarinyar da na yi ban duba ba shi ya dame ta. Na ba Rifkatu haƙuri a gaban aji.

Har yau tsofaffin ɗalibaina Malam Alayyahu suke kirana, ina kuma amsawa. Kowace ƙwaya a jikina tana tace abin da zai fita daga cikinta. Bakina ne kawai sai da na koya masa.