Yadda Za Ka Bi Tsohon Layin Dogo Ba Tare Da Ta Gane Ka Gaji Ba

Ɗan'uwa, matasan cocinku sun shirya tattakin yini guda a kan tsohon layin dogo, daga Kakuri zuwa Gonin Gora, kuma wadda kake so tana ciki? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ta ɗauke ka namijin duniya. Na gwada su a kan abokina Dauda, telan Unguwar Boro, wanda ya shekara uku yana tsayawa bayan Rebecca a ƙungiyar mawaƙa, bai taɓa wuce "sannu da zuwa" ba. Ranar tattakin ya rantse sai ya faɗa mata abin da ke ransa.

1. Ƙirƙiro kaka

Ka ce kakanka ma'aikacin reluwe ne, mai duba layi da ƙafa daga Kaduna har Kafanchan. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya tasowa ya ƙaryata jika. Amma ka fara duba masu sauraro. Dauda ya manta jagoran tafiyar, Baba Sunday, shekara talatin ya yi a reluwe.

"Yaya sunan kakan naka?" in ji Baba.

"Ai mutum ne da ba ya son a san shi, Baba."

2. Sa sabon takalmi

Mace daga ƙasa take fara kallon namiji. Takalmin zai cije ka, to sai me? Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

3. Karɓi kayanta

Nata kaɗai, ka ji? Dauda ya karɓi kular shinkafar Rebecca, sauran 'yan matan suka ga banza ta faɗi. Kafin a bar Kakuri yana ɗauke da kula biyu, tabarma da gangar mawaƙa, ana ta "Bros Dauda, Allah ya ƙara ƙarfi."

4. Kada ka yarda da ƙarafan da aka gitta ƙarƙashin layi

Wanda ya jera su ba masoyin ɗan Adam ba ne. Ka taka ɗaya-ɗaya, tafiyarka ta zama ta amarya. Ka tsallake ɗaya, wandonka ya yi magana. Ƙafar Dauda kuwa ba ta san wani aiki ba sai taka keken ɗinki. Wallahi na tausaya masa.

5. Idan bakinka ya suɓuce

Nan gwanintar take. Rana za ta take, "na gaji" za ta fito da kanta. Kada ka firgita, maza ka ƙara mata kalma guda.

"Kai, na gaji," in ji Dauda. Rebecca ta waiwayo. "Kakana! Na gaji kakana wajen tafiya!"

Sau huɗu ya yi haka. A na biyar, babansa ya gada.

6. Kada ka zauna, ko da wasa

Wannan matakin ne Dauda ya karya. Ana hango motocin titin Abuja ya zube a gindin wani mangwaro, takalmi a hannu. Kowa ya wuce, Rebecca ta tsaya a kansa.

"Rebecca, na gaji."

"Wa kuma? Kakarka?"

"Ba kowa. Kakana manomin citta ne. Ko ƙarar jirgi ya ji, ɗaki yake shigewa."

"Na sani. Ai garinsu ɗaya da Baba Sunday." Ta zauna kusa da shi, ta buɗe kular, ta miƙa masa cokali. "Ka faɗi gaskiya ɗaya. Saura wadda kake haɗiyewa a bayana duk Lahadi."

Ya faɗa mata yana sonta, ta amsa. Farin ciki ya sa ya ƙarasa Gonin Gora ƙafa ba takalmi, bai ko ji tsakuwa ba.

Gargaɗi

Kumburin ƙafa, yagewar wando, tambayoyin dattawa, duk babu ruwana. In kuma ta kai ka ga aure, kada ka kira sunana gaban fasto. Ni dai ranar a Keke Napep na bi su ta titi.