Ranar da Na Kwanta Jinyar Allurar Gwaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da likita ta cire tabarau ta ƙura mini ido ba, kamar tana tantamar digirin da na ce ina da shi.

Na daɗe ina fama da ciwo a gaɓar da ƙashin baya ya haɗu da ƙugu. Zama a ofis ya gagare ni, har maigidana na wurin aiki ya fara maganar neman wani a madadina. A wani asibiti a Fatakwal, likitar ta ce akwai aikin da ake yi da siririyar allura, a tura zafi da igiyar rediyo a ƙona ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ciwon. Amma sai an fara da allurar gwaji mai kashe zafi na ɗan lokaci. Sharaɗinta ɗaya: in na koma gida in yi duk abin da ke tayar da ciwon, in sunkuya, in hau bene, in zauna. In ciwon ya ɗauke, gaɓar ce, za a yi aikin.

Na ce na gane (kuma ina ganin na gane ɗin).

Kafin in isa unguwarmu ta Rumuokoro, labari ya riga ni: an soka wa ɗan gidan Kawu Sale allura a ƙashin baya. Kawu, wanda nake zaune a gidansa, har ya rufe rumfar albasarsa ya shimfiɗa mini katifa a falo.

"Kawu, ai cewa ta yi in yi ta motsi."

"Motsi? Da huda a bayanka? Kwanta, ɗan nan!"

Gaskiya ni ma zuciyata ta raya mini cewa wataƙila hutun ya fi. Sai ga 'yan dubiya: mahauta, dillalan shanu, har liman. Ta yaya zan tashi in kama tsallen kwaɗo a gaban dattawan da suka baro kasuwa domina? Na lumshe ido ina amsa "Ya jiki?" da muryar mai jin jiki. Aka kawo kunu, aka yi addu'a. Har maganin ya sake ni ban taka ƙasa ba.

Da muka koma asibiti ni da Kawu, likita ta tambaye ni yadda ciwon ya yi da na motsa. Na fara kame-kame: "To, da alama dai, kusan za a iya cewa..."

Kawu ya katse ni da turancinsa na kasuwa, yana alfahari: "Likita, kwantar da hankalinki. Ko yatsa bai ɗaga ba. Kunu ma a baki muka ba shi!"

Wata nas da ke wurin ta juya baya, kafaɗunta na rawa don dariya. Na so ƙasa ta tsage.

Allah Ya saka wa likitar nan, ta yarda aka sake gwajin. A karo na biyu Kawu da kansa ya tsaya a kaina, yana kora ni sama da ƙasa a benen asibiti. Ciwon ya ɗauke, aka yi aikin. Ba zan ce na warke sarai ba, ta ce jijiyoyin kan iya tsirowa, amma ina zaune a kujerata lafiya.

Abin da na koya: in likita ta ce ka motsa, ka gama motsinka kafin 'yan unguwa su ji labari.