Mushe a Cikin Kududdufi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da minista ya zo buɗe filin jirgin Tasawa ba, ko da yake an daɗe da daina sauka a wurin.

Filin tun zamanin Nasara yake, an share wa kumandan, Baturen da ke mulkin garin, don ƙaramin jirginsa. Da aka samu 'yancin kai, gujiya, wato gyaɗa, ta yi albarka, sai hukuma ta ce a ƙara masa tsawo. Aka sare itatuwa, aka haƙo jar tsakuwa daga gefe aka shimfiɗa. Ramin da aka bari ya zama kududdufi.

Lokacin ina sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokon garin, ni aka ba yin jawabin maraba. Na cika gari da labarin cewa na san jirgi tun a Yamai (gaskiyar magana, ta bayan shinge na hango shi). Har Alhaji Issufu, dillalin gujiyar da nake neman ɗiyarsa, yana nuna ni ga abokansa.

Na jera ɗalibaina a bakin fili, na ce duk wanda ya motsa zai sha bulala.

Da hantsi muka ji ruri daga yamma. Jirgin ya yi ƙasa ƙasa, ya wuce bisa kawunanmu bai sauka ba, ya sake tashi. Makaɗa suka tsaya. Alhaji ya kamo hannun rigata ya ce, "Mushe, lahiya dai ko?" Na ce haka suke yi, alhali ni ma ban sani ba. Ashe matuƙin duba sabon filin yake yi.

Sai ya juyo. Wannan karon hancinsa ni yake kallo, ko haka na gani. Yana ƙara girma, ƙasa tana rawa ƙarƙashin takalmina. Ban san lokacin da na ce "Zai faɗo!" ba. Na ture wani gardi, na zura da gudu, ban tsaya ba sai cikin kududdufi, laka har ƙugu.

Jirgi ya sauka lafiya lau. Da na ɗago kai, yaran nan na tsaye cif yadda na jera su, ba wanda ya gusa, duk ni suke kallo.

Gardin da na ture shi ya jawo ni. Haka na tsaya gaban minista, laka na zuba daga farar rigata, jawabin ya tsere daga kaina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ma cikin masu aikin filin nake. Jama'a suka fashe da dariya. Alhaji kuwa ƙasa ya duba.

Ya ba ni ɗiyar daga baya, amma har ya rasu, in jirgi ya gifta sai ya ce a riƙe masa surukinsa.

Tun daga ranar ban ƙara kafa wa yara doka ba sai na fara shawara da ƙafafuna.