Rasuwar Hajja Zabuwa, Motar da Sabon Inji Ya Hana Gudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin wanda harsashi ma bai sa mini ba, ni, Ba Umara na unguwar Abbaganaram, direban da ba a taɓa ja wa mota da igiya ba sai bana, ina sanar da 'yan'uwa da abokan sitiyari rasuwar motata Fijo doguwa, wadda duk Yerwa, wato Maiduguri, ta sani da Hajja Zabuwa. Ta rasu bayan jinyar da ta biyo bayan canjin inji.

Marigayiyar ta yi rayuwa mai albarka. Ta kai amare, ta kai gawa, ta ɗauko busasshen kifi daga Baga tun ana zuwa Baga. Ranar da gari ya kama da wuta, ni da ita muka kwashe gida uku a tafiya ɗaya, da awakinsu. Ramin harsashi yana nan a ƙofar baya, mai shakka ya zo ya sa yatsa. Ban taɓa shiga aji ba, amma babu hanyar Borno da ban karanta da tayarta ba.

Da tsohon injinta ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, na so in lallaɓa shi haka nan. Sai wani direba ya kawo mini saƙo daga Dikwa: yayata Ya Kellu, wadda ta goya ni, tana kwance a sansanin gudun hijira, ƙafafu sun kumbura, ba ta iya zama. Ba za ta hau saman kaya a babbar mota ba. Sai motar da za a kwantar da kujerun baya a shimfiɗa mata katifa. Ita ce Zabuwa.

Shi ya sa na nemo mata inji ɗan Baljiyam, na hannu daga waje. Ni na zaɓe shi da kunnena, kuma har gobe kunnena bai yi ƙarya ba. A tsaye, muryarsa kamar mage ta ƙoshi: rrrrrr. Mun zaga gari lafiya lau. To amma wa ke taka totur a Maiduguri? Kafin ka sa giya ta uku ga shinge, ga buhunan yashi, ga yaran gora 'yan sa-kai suna ɗaga hannu. Ciwo yana ciki, gari ya rufa masa asiri.

Ya bayyana ne ranar da muka bi ayarin Dikwa, wanda sojoji ke rakawa. Wanda bai sani ba ya sani: a wannan hanya ba a jiran kowa. In na gaba ya ja, kai ma ka ja. Muna barin tashar Muna na taka, sai Hajja ta ce tif, tif-tif, ta ja numfashi, ta ce fat! ta salansa, har na bayana ya sunkuya. Na ɗaga ƙafa, ta koma rrrrrr kamar ba ita ba. Na sake takawa: tif-tif-tif. Motoci suna wuce ni, har da wata akwalar da ƙofarta ke ɗaure da waya. Ni Umara! Kafin shingen ƙarshe na juya da ita gida.

An yi jinya, Allah ya sani. Ya'akubu bakanike ya canza fulogi da wayoyinsu, ya canza filtar mai. Ya ce famfon mai ne ba ya turowa idan ta nema, aka sa sabo. Aka sauke tanki aka wanke, aka sami dattin man bumburutu cikin tafin hannu, muka yi murna a banza. Peter mai gyaran wayar mota ya canza kwayil, ya juya tayimin gaba, ya juya shi baya. Shi ya ce kafiretan tsohon inji ne aka ɗora wa sabo, jininsu bai haɗu ba. Ya'akubu ya rantse iska take sha ta wani wuri. Suka yi musu a kanta kamar magada, ita kuwa tana tsaye tana rrrrrr, gwanin daɗi.

Abin da ya fi ci mini rai, babu inda za a gwada ta. Doguwar hanyar da mota za ta buɗe ƙirji tana bayan ramin tsaron da ya kewaye gari. Duk gyaran da aka yi, sai a ayari ake sanin gaskiyarsa. Na koma layin ayari, na sake komawa, har masu sayar da ruwa a Muna sun daina yi mini sai ka dawo.

Wasu za su ce ai tana tashi, tana zuwa kasuwa. Su je su faɗa wa Ya Kellu. A ƙasar nan motar da ba ta gudu gawa ce, ko da tana numfashi.

Ta rasu ta bar safaya ɗaya, da jak, da tsohon injinta wanda yake kwance a garejin Ya'akubu a warware, ba ya tasuwa. Ta bar ni, tsoho mai idon da har yanzu yake hango ramin hanya tun daga nesa. Ta bar katifa a baya, da bargo.

Ba za a kai ta wurin masu yanka motoci ba. Za a tura ta ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidana ranar Juma'a bayan la'asar, a cire batir, a ɗora ta kan duwatsu, a rufe da tamfol. Ana karɓar gaisuwa a nan kan tabarma. Kada a kawo goro, kada a kawo mini sunan wani bakanike. Mai doguwar mota da ke bin ayarin Dikwa, shi nake jira. Ba sai ya ba ni sitiyari ba. In mun ɗauko Ya Kellu, zan zauna a baya, in riƙe mata kai.