Jakar Gide da Ƙwarin Teku

Shekarun Hajiya Suwaiba saba'in da takwas, kuma ita ce mai tuwon bakin tasha a Daudawa tun direbobin yanzu suna goye. Ba ta taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙetarensa ba. Jikanta Gide yana aiki da masunta can kudu, inda kogi ke shiga teku. Ya zo ganin gida da tsarabar busasshen jatan lande cike da leda. Da ta kwance ta ga ƙafafu da gashin baki, sai ta yanke hukunci cewa yunwa ce ta sa yaron cin ƙwari. Safiyar da zai koma ta jawo jakarsa tsakar gida ta zauna a kai, alhali motar masarar da za ta ɗauke shi tana tasha ana ɗaure tamfol.

"...da kwanan gajiya, amarya?" in ji Gide. "Na ga an yi sabuwar kujera."

"Lahiya lau, mijin banza. Kujerar ta yi mani daidai, nan zan wuni."

"Tashi dai, tsohuwa, direba ba kakata ba ne, ba ya jira."

"Ya tahi. Ni ban aurar da kaina ga maci kyankyaso ba."

"Wa ke magana? Ke da ke cinye kwanon fara ki suɗe yajin? Gwano ba ya jin warin jikinsa."

"Fara halittar tudu ce, ta ci geronmu muka rama. Wannan mai gashin baki kamar tsohon ɗan doka, gonar wa ya ci?"

Gide ya leƙa zaure, ya dawo yana yarfe hannu. Ita kuwa ta ƙara gyara zama, har wani abu ya yi ƙara a cikin jakar.

"Hajiya, tocilata ce kika fasa!"

"Ka huta. Mi za ka haska a ruwan da ko kaza ba ta sha? Ruwa iya ganinka, ba a dama fura da shi, ba a ba gona. Wannan ai asara ce aka shimfiɗa."

"Asara? Takin da kawu ke rububi a kai, wani a jirgin ruwa yake sauka. Gishirin miyarki fa? Hadarin da kike ɗaga kai kina jira duk bazara, daga can yake tasowa. Ni nake ganinsa kafin ke, in ce masa ya gaishe ki."

"Ji maƙaryaci! To bana ka aiko shi a makare."

"A bakin kogin nan kifi ke zuwa ya yi ƙwai, cikin saiwar itatuwa, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri. Gidan haihuwarsu ke nan."

"Kai ne ungozomar?"

"Ni ne angon da ke ciyar da ke."

Ta yi tsaki. Haushin da take ji ba na ƙwarin ba ne kaɗai. Tun da wani direba ya nuna mata teku a waya, ruwa na tashi kamar gini yana rushewa, ba ta sake jin an ambaci kudu hankalinta kwance ba.

"Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Gide. Ka zauna ka yi noma kamar ubanka."

"A wace gonar? Ta dajin da 'yan bindiga suka hana mu takawa?"

Ta kakkaɓe zanenta inda babu ƙura. Daga tasha aka danna ham.

"Bari in tambaye ki," in ji Gide. "Garin nan da nake aiko maki a gwangwani, ya ƙare?"

"Yajin Ikko? Saura kaɗan. Kada ka ɗaga murya, masu tuwon gefe na neman sirrin. Tun da na fara barbaɗa shi a kuka, direban Sabuwa ke wuce gidansu ya zo nan ya ci."

"To ga shi nan a leda. Wannan karon ban samu kai shi inji ba."

Hajiya Suwaiba ta dubi ledar, ta dubi tukunyar miya, ta dubi hannunta na dama.

"Kai! Ƙwarin nan na yi ta ba Musulmi?"

"Halal ne, tambayi liman. Shi ma kwano biyu yake aikowa."

"La'ananne! Allah ya haɗa ka da mata mai ƙona tuwo!"

"Ai ya riga ya haɗa ni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki tashi, ko in tsaya a tasha in yi shelar abin da ke cikin miyar."

"Ka yi, in ce kai ka haife su."

Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu, ta kawar da kai, ta gutsura. Ta daɗe tana taunawa. Dariya ta ƙwace mata har da tari.

"Fara ta fi shi kyan fuska," ta ce, "amma ya fi ta hali."

Ta miƙa masa hannu ya ɗaga ta. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin daddawa da buhun da babu komai ciki, ta cusa a jakar.

"Daddawar taka ce. Buhun nawa ne, ka ciko shi. Ka niƙe tun can, kada in sake ganin gashin bakin kowa. Kuma in ka kuskura ruwan nan ya ci ka, kada ka zo mani gida."

Ta raka shi har zaure tana tofa masa addu'a a ƙeya, sannan ta koma ta jawo turmi da ledar jatan landen, ta tura ƙofa don kada maƙwabta su gani.