Wutar da Aka Ajiye wa Babban Baƙo

Jama'a, in kun haɗu da ni a layin mai cikin makon nan kuka ga babu girata ta hagu, kada ku ɗauka sabon yayi ne. Wayar da kai aka yi mini. Tun ranar Asabar nake yawo da gira ɗaya, uwar ɗakina kuwa duk sanda ta ajiye mini tuwo sai ta juya baya kafaɗunta na rawa, wai wani abu ta tuno.

Ga yadda aka yi. Maƙwabcina Inuwa, wanda katanga ɗaya ta raba mu a Ƙofar Jatau, tela ne, amma ransa ba ya kan keke, yana kan bijimai biyu da ya turke a bayan gida. Yana da 'yar gona can bayan Kufena, kuma bana wake ya yi masa kyau. Ya ɗaure harawa dami-dami ya jibge a kan rumfar itace a gonar, don lungunmu ko baro ba ya shiga sai an karkata shi. Da harawar nan zai riƙe bijiman har ruwa ya sauka. In babu ita, sai dai ya kai su kasuwa tun ba su yi ƙiba ba.

Ranar Asabar ɗin da hantsi ya leƙo zaurena.

"Malam, tashi mu je gona. Wai wani kwamitin wayar da kan manoma kan gobarar daji zai yi taro a filin da ke maƙwabtaka da ni. An ce da hula da shinkafa."

Na tashi. Ni duk inda manya za su yi rabo ina zuwa, domin ko ba ka je ba za ka ji a rediyo cewa ka karɓa.

Kun san yanayin da ake ciki. Rabon ƙasa da ɗigon ruwa an manta, raɓa ma ta daina sauka. Ciyawa ta bushe ƙamas, in ka taka sai ta karye kamar ɗanyar taliya, ga kara a tsaitsaye a kowace gona. Iska kuwa ranar da aikinta ta fito. Rumfunan taron ma sai da aka sa ƙarti suka rungume ƙafafunsu don kada su tashi.

Wani mai babbar riga ya riƙe lasifika yana ta bayani, kuma wallahi gaskiya yake faɗa. Ya ce a irin wannan lokaci tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye ƙauye. Ya ce iska ita ce ƙafar wuta, tana ɗaukar ta ta tsallake hanya da kwari. Ya ce duk wanda ya kunna wuta a fili da rana tsaka iska na kaɗawa, to maƙiyin al'umma ne. Muka yi tafi. A bayansa kuwa ana ta tara kara da ciyawa, tsibi ya kai ƙirjin mutum, wani na yayyafa masa fetur. Fetur fa! Abin da na yini a layi ban samu ba.

Mai kula da tsibin Ɗahiru ne, ɗan unguwarmu, a gabanmu ya girma, yanzu shi ne jami'in tsare-tsaren kwamitin, har da kati rataye a wuya. Inuwa ya ja shi gefe.

"Kai Ɗahiru, wannan fa?"

"Wutar gwaji ce, Baba Inuwa. Da Mai Girma ya iso za a kunna, shi kuma ya kashe da hannunsa mai albarka a gaban kyamara."

"A iskar nan? Ka ga rumfar can? Abincin shanuna ne."

"Haba Baba, komai a tsare yake." Ya nuna wani tebur. Ga jar tukunyar nan ta kashe wuta an ɗaure ta da kyalle mai sheƙi kamar kayan lefe, ƙato ɗaya na gadinta.

Ana cikin haka sai jiniya ta tashi daga bakin hanya. Maroƙi ya ɓarke: ga Mai Girma nan, Garkuwan Ciyawa, Dodon Tartsatsi, Uban Marayun Itatuwa! Ɗahiru ya ɗaga hannu, aka ƙyasta ashana, wuta ta ce fuu. Mota ta tsaya, aka buɗe ƙofa cikin ladabi, aka fito da kujera. Ashe kujerarsa ce ta riga shi isowa. Ita ma da motarta da jiniyarta. Shi kansa, in ji direban, yana can bai gama karyawa ba.

Inuwa ya karyo reshen darbejiya ya nufi tsibin a guje. Ɗahiru ya sha gabansa, hannu biyu a buɗe.

"Baba, don girman Allah! Wutar Mai Girma ce. In ka kashe, shi me zai kashe?"

"Ya kashe ubanka! Matsa!"

"Baba, aikina fa zai tafi!"

Na ruga wurin tebur. Ƙaton ya dafe tukunyar ya ce ba a kwance kyalle sai babban baƙo. Na ce to ara mini ita da kyallen nata. Ya ce ba a ba shi wannan umarnin ba.

Iska dai ba ta san tsarin taro ba. Ta suri wani kara mai ci ta wurga shi cikin ciyawa, kafin ka juya wuta ta miƙe tana gudu kamar an biyo ta. Ƙartin nan suka saki ƙafafun rumfa don ceton kansu, rumfa ɗaya ta tashi sama ta bi wutar kamar za ta rufa mata asiri. Mai lasifika, Allah ya saka masa, bai fasa ba, yana ta sanar da mu cewa abin da ya faɗa ke nan.

Manoman da aka tara don a wayar musu da kai su suka zari fartanya suka shiga gaban wutar suna kankare ƙasa. Mu kuma muka bi ta da rassa, da riguna, da ruwan leda na baƙi. Wata tsohuwa, Iya mai kunu, ta juye bokitin kununta a kan wani kututture tana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro kwamiti. Duk da haka wuta ta riga mu rumfar Inuwa. Ya haye sama yana jefo dammuna, ni ina ja ina gudu da su. A dami na ƙarshe ne harshen wuta ya lashi fuskata ya tafi da girar. Abin da muka tsirar bai kai rabi ba.

Sai da komai ya lafa, muna zaune baƙi wuluk muna tari, sannan jiniya ta biyu ta taso. Mai Girma ya sauko cikin farar shadda, ya duba hagu ya duba dama, babu wutar kashewa. Wani na kusa da shi ya raɗa wa Ɗahiru ko za a ɗan sake kunna wata ƙarama. Inuwa ya jawo fartanya kusa da ƙafarsa. Aka bar maganar.

Daga ƙarshe aka samo kututturen da Iya ta riga ta jiƙa da kunu, yana ɗan hayaƙi. Aka kwance kyalle, Mai Girma ya matsa, tukunya ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Tafi ya kaure. Ya yi jawabi mai ratsa jiki, ya ja kunnen manoma da masu farautar gafiya su bar sakaci da wuta, ya kuma yaba wa kwamiti bisa nuna wa jama'a haɗarin a zahiri. A nan kam ban ga ƙarya ba. Ban taɓa ganin aikin manya da ya cika alkawari irin wannan ba: sun ce za su nuna mana gobarar daji, sun nuna.

Jiya Inuwa ya ja bijimi ɗaya zuwa kasuwa, don harawar da ta rage ba za ta riƙe baki biyu ba. Ya dawo da igiya a hannu ya zauna a zaurena bai ko taɓa shayi ba. Don in ɗebe masa kewa na gaya masa abin da Ɗahiru ya tsegunta mini, cewa kwamitin ya samu yabo har an ƙara masa aiki: da damina zai fito wayar da kai kan ambaliya, shi ma da gwaji.

Inuwa ya dubi igiyar ya ce, "In ka ji ranar, ka faɗa mini da wuri. Ni da bijimin da ya rage kan dutsen Kufena za mu yini."

Ni dai gidana a tudu yake. Ku na bakin rafi, ku fara koyon iyo.